Littafin Mai Tuni

Ranar da ya fara ganinta, hular kwanon da aka ara mata a bakin ƙofa ta yi mata yawa, tana tafe tana tura ta sama da yatsa. Shi kuwa yana hawa na biyu na ginin kantunan, waya a kunne, har ya manta da wa yake magana.

Mataimakin manaja ne, amma Mai Tuni kowa ke ce masa. Shi ke tuna wa mai siminti lokaci, shi ke bin injiniya ya sa hannu a zane, shi ke rubuta rahoton yini. Ita kuma kamfani ya turo ta ta haɗa manhajar da za ta "rage masa nauyi". Haka takardar ta ce, takarda kuwa ba ta jin kunya.

A ofishin kwantena ya jawo mata kujera.

"Hular Aro, me kike son sani?"

"Komai," in ji ta.

Bawan Allah, sai ya ba ta komai. Ya buɗe mata littafinsa na shekara bakwai. Mai siminti, in kana son sa ƙarfe tara, ce masa takwas. Mai ɗaurin rodi ba ya amsa saƙon da ba gaisuwa. Tsohon da ke tuƙa injin ɗaga kaya kuwa, kafin ka sa shi aiki sai ka tambayi gwiwarsa.

Tana rubutawa tana dariya, shi yana kallon dariyar. Da yamma ya tura mata:

"Tuni na yau: akwai wanda bai ci abincin rana ba saboda kallon wata hula."

Ta amsa: "A gaya masa ya ci. Mai hular ba ta son siririn miji."

A mako na shida ta ga jerin ma'aikatan da za a sallama in manhajar ta kankama. Sunansa ne na farko. Ta yi niyyar faɗa masa, ta ga yana murna zai tura manyansa gidansu, ta haɗiye. Wannan shirun ne laifinta, kuma ta sani.

Ƙarshen wata manaja ya kira shi, ya yabe shi sosai, ya miƙa masa takardar sallama. Kaza ta tono wuƙar yanka kanta.

Tambaya ɗaya ya tura mata: "Kin sani?"

"Na sani. Tsoron rasa ka na ji."

Bai amsa ba, har wata biyu.

Abin da ya fi ci masa rai, manhajar da kalmominsa take magana. Kullum da safe sai ta tura wa tsohon nan: "Barka da asuba Baba, yaya gwiwar?" Mako uku tsohon yana amsa "Da sauƙi, ɗana" kafin a gaya masa ba mutum ba ne.

Amma zuciya ba ta karɓar takardar sallama. Ya huce, ya tura kawunsa. Mahaifinta ko tabarmar ba ta yi ɗumi ba ya sallame shi.

"Ba zan ba marar aiki 'yata ba," ya ce mata daga baya. "Ga injiniyan ginin ma ya turo."

Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ka tuna takardar yabon da kamfani ya ba ni kan manhajar, wadda ka rataye a falo? Aikinsa ne a ciki. Ya buɗe min duk abin da ya sani, bai ɓoye ko layi ɗaya ba, na ɗauka na ba su suka kore shi. Marar aikin nan ni na yi shi."

Mahaifin ya dubi bango. Ya tashi ya sauke takardar, ya kife ta a kan tebur.

"Ki ce kawun nasa ya dawo."

Kafin biki Mai Tuni ya samu kula da ginin wasu shaguna uku a bayan gari, aikin da a da ko kallonsa ba zai yi ba. Babban ginin kuwa aka buɗe shi da tafi, ba wanda ya tuna da shi.

Ranar ɗaurin aure tsohon nan mai injin ɗaga kaya ya zo yana ɗingishi, ya nuna wa ango wayarsa.

"Ko yau manhajar ta tambaye ni gwiwa. Na daina amsa mata."

"To yaya gwiwar, Baba?"

"Ba sauƙi, ɗana. Kai kaɗai ka san in na ce da sauƙi ƙarya nake, ka kawo min kujera." Ya dafa kansa. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Da aka kawo amarya, ta ciro littafin nan nasa, da ke hannunta tun lokacin aikin, daga jakarta ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ka yafe min, Mai Tunina."

Ya juya shafukan. Babu layin da ya rage nasa shi kaɗai.

"Na yafe, Hular Aro," ya ce, ya riƙe hannunta. "Ajiye shi. Ba sauran abin da za a ɗauka a ciki."