Ƙaramin Ɗakin Barira

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa sa'ad da Sammani ya jawo kekensa daga zaure zai koma gona. Ya ce wa yayarsa Iyatu wai bakin ruwa ya manta bai toshe ba, tumatir kuwa ba ya son kwana cikin ruwa. Iyatu, wadda take dafa masa tuwo tun rasuwar matarsa, ta ɗago kai daga bakin murhu ta ƙare masa kallo.

"Bakin ruwa, ko dai ɗakin 'yar tsana?"

"Yanzu zan dawo, Yaya."

"Kai dai ba ka jin magana. Ko muna yara, in an yi ɗakin wasa, kafin magariba ake rushe shi. Ba a gama ɗaki a bar shi babu mai shi, Sammani. Akwai masu neman wurin kwana."

Ya yi murmushi kawai ya hau keke. A aljihunsa akwai wani ɗan ƙyallen atamfa, bai kai tafin hannu ba, kuma shi ne ainihin abin da ya fitar da shi.

A shekarar canjin kuɗi ne wannan. Duk ƙauyukan da ke tsakanin Kura da Bunkure babu wanda bai san Sammani mai ƙananan ɗakuna ba. Ƙato guda, da furfura a gemu, amma in ya gama ban ruwa sai ya shige bukkarsa ta gona ya kama kwaɓa yumɓu. Ya gina ɗaki kamar girman kwandon tumatir, ya yi masa daɓe, ya yi shafe. Totuwar kara ta zama kujera, marfin kwalba ya zama tasa, gwangwanin madara ya yanka ya fitar da kwalla har da marfinta. Mutane suna dariya, suna cewa maraici ya taɓa shi. Su yi ta yi. Wanda bai taɓa komawa gida ya yi sallama shiru ya amsa masa ba, me ya sani?

Ɗakunan farko duk ya rabar wa 'yan matan unguwa. Guda ɗaya ne ya hana kowa taɓawa, ɗakin matarsa Barira. Ainihin ɗakin nata tuni katafila ta baje shi, lokacin da aka tashi tsohon ƙauyensu za a haƙa kanal, ta haɗa har da tsohuwar tsamiyar bayan gari wadda ko yara ba sa jifa. A daidai wurin tsamiyar nan gonarsa take yanzu. Ba a daɗe da komawa sabon wuri ba Barira ta kwanta ciwo, kwanciyar da ba ta tashi ba. Ba su samu haihuwa ba. Mace ce mai kunya irin ta mutanen da, har ta koma ga Allah sunan mijinta bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai Malam. Ko ɗan maƙwabta da aka raɗa wa Sammani, Mai Sunan Malam take ce masa.

To, wannan ɗakin ne ya sake ginawa daga abin da ya rage a ransa. Ya lanƙwasa waya ya yi gadon ƙarfe mai rumfa, ya cusa audugar rimi a katifa. Ya yi jeren kwanuka yadda take jera su, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Ga randa a bayan ƙofa da moɗarta, ga kaskon turare, ga fitilar aci-bal-bal da ya yi da kwalbar allura. Labule kaɗai ya rage. Da safiyar ranar ya buɗe akwatinta ya yanko gefen zanen da ta fi so, mai ruwan ganye.

Hanyar gona ta bi gefen kanal ne, miƙaƙƙiya, babu bishiya ko ɗaya. Masu ban ruwa duk sun tashi. Ya yi kiciɓis da Hamma, Bafulatanin da ke kiwo a wajen, yana kora shanunsa gida. Suka gaisa a tsaitsaye, Hamma ya bi shi da kallo. Daga nan sai shi kaɗai, sai ƙarar sarkar keke da kukan kwaɗi. Iska tana kawo warin danyar albasa da na laka.

Ya toshe bakin ruwan da gaske, don kada ya zama maƙaryaci. Ya wanke hannu. Sannan ya sunkuya ya shiga bukka, ya yaye buhun da yake rufe ɗakin da shi, ya fito da ɗakin bakin bukka inda akwai sauran haske.

Ya zura ƙyallen a tsinke, ya maƙala a saman ƙofa. Labulen ya sauka daidai, kamar an auna.

Sammani ya ja da baya ya durƙusa yana kallo. Wallahi ɗakinta ne, babu abin da ya rage. Kewarta ta taso masa, irin wadda bai ji ba tun ranar da aka kai ta. Can nesa, wajen gari, ladan ya fara kiran magariba. Shi kuwa, don bakinsa ya saba, ko don wasa, ko don wauta irin ta mai kewa, sai ya kai bakinsa kusa da 'yar ƙofar ya yi abin da ya saba yi duk yamma in ya dawo daga gona.

"Salamu alaikum."

Kwaɗi suka yi tsit, gaba ɗaya.

"Amin, alaikumus salam. Sannu da zuwa."

Muryar ƙasa-ƙasa take, da 'yar shaƙewar nan ta mai yawan zama kusa da hayaƙi. Muryar Barira ce.

Bai motsa ba. Ya ji gashin jikinsa ya mimmiƙe. Ta bayan labulen wani ɗan haske ya kama, ja-ja, yana rawa. Fitilar da ya yi da kwalbar allura ce, wadda bai taɓa zuba wa kananzir ba.

Sai ƙamshi. Turaren wuta, irin wanda take haɗawa da kanta.

Ya ji ƙarar moɗa ta taɓa bakin randa. Ya ji ruwa yana zuba.

"Ka sha rana yau," in ji muryar. "Ga ruwa."

Ya san ya kamata ya yi a'uziyya. Ya sani sarai, ba yaro ba ne. Amma harshensa ya ƙi, don zuciyarsa ba ta so. In ya nemi tsari muryar za ta tafi, shi kuwa ya gaji da shiru.

Bai san lokacin da ya miƙe tsaye ba. Abin da ya gani kawai, ƙofar ta kai tsayinsa. Ya waiga. Itatuwan tumatir sun yi sama kamar kuka, kekensa ya zama wani tulin ƙarfe da ba ya ganin ƙarshensa. Wata tururuwa ta wuce ta gefensa, ta kai girman akuya.

Labulen ya motsa, alhali babu iska. A ƙasansa ya hango inuwar ƙafafu biyu.

Sammani ya tuɓe takalmin dama, kamar yadda ya saba, don Barira ba ta son a taka mata daɓe da takalmi. Ya ɗora ƙafar a kan dokin ƙofa. Daɓen da ɗumi, kamar na ɗakin da ake kwana a ciki.

Ya kai hannu ya kama labulen.

"Shigo mana," in ji ta, a hankali. "Shigo, Sammani."

Hannunsa ya tsaya.

Daɗin da ya ji bai taɓa jin irinsa ba, sunansa a cikin wannan murya. Daɗin ne ma ya farkar da shi. Barira? Barirar da ko a gadon ciwo, numfashi yana sarƙe mata, Malam ta ce?

"Wace ce ke?" Da ƙyar maganar ta fito.



Inuwar ƙafafun ta matso. Ba tafiyar mutum ba ce, ja take yi.

"Kun sare mana gida," in ji muryar, yanzu ta rabu biyu, ta mace a sama, wata mai kauri a ƙarƙashi. "Kai ka gina, kai ka yi sallama. Mun amsa. Ɗaki kuwa ba ya zama babu maigida."

Wani abu mai sanyi ya kama idon sawunsa.

A nan harshensa ya saku. Ya yi a'uziyya da iyakar ƙarfinsa, ya kama Ayatul Kursiyyu yana yi yana sarƙewa. Riƙon ya ƙara tsanani. Ya fizga, ya sake fizga. Tsinken labulen ya karye a hannunsa, ya tafi da baya ya faɗi rigingine.

Ya buɗe ido ya ga sararin sama, ga kekensa daidai girmansa. Ga ɗakin a gabansa kamar kwando, hasken yana nan a ciki.

"Malam," aka ce daga ciki, da muryarta tsantsa, tana kuka. "Malam, kar ka bar ni."

Sun gyara kuskurensu. Wannan kiran ya fi riƙon ƙafar ciwo.

Sammani ya rungumi ɗakin. Nauyinsa ya fi na buhun gero. Ya ja jiki da shi har bakin kanal yana hawaye, ana ta kiransa daga cikin ƙirjinsa, ya runtse ido ya sake shi. Hasken ya ɗan jima a ƙarƙashin ruwa kafin ya mutu. Sannan kwaɗi suka ci gaba da kukansu.

Hamma ne ya tsince shi. Ya ce hankalinsa ne bai kwanta ba, ganin mutum ya nufi wurin tsohuwar tsamiya da almuru, shi ya sa da ya ɗaure shanu ya dawo da tocila. Ya same shi kwance a bakin ruwa, jiki zafi zau, ƙafa ɗaya babu takalmi, hannunsa dunƙule da ɗan ƙyalle.

Ya daɗe a kwance. Aka yi rubutu, aka yi sadaka, Allah ya ba shi lafiya, sai dai ƙafar dama da ya ci gaba da ja har ƙarshen rayuwarsa. Iyatu ba ta ce masa ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya, kuma wanda ya san bakin Iyatu ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da ta je gonar ɗauko kekensa, a bakin bukka ta tsinci takalminsa na dama, da facin da ya yi masa da kansa. Bai fi ɓawon gyaɗa girma ba. Ta haƙa rami ta binne.

Da ya warke ya koma kwaɓa yumɓu, don hannu ba ya manta abin da ya saba. Amma duk ɗakin da ya yi, bango uku yake masa, babu ƙofa babu labule, kuma kafin magariba ya miƙa wa wata yarinya ya ce ta tafi da shi.

Wata rana Iyatu ta same shi a zaure yana juya ƙyallen nan a hannu. Ta ce masa ya gode wa Allah da ya gane ba Barira ba ce.

"Na gode masa, Yaya," ya ce. Ya ninke ƙyallen ya mayar aljihu. "Amma da ban ji ba ya fi mini. Yanzu na san yadda sunana yake a bakinta, kuma ba ita ta faɗa ba."