Kitson Gezar Bar-su-baya

Dab da magariba Nasidi ya ɗaura wa dokin sirdi a filin bayan mayankar Trans-Amadi a Fatakwal, zai mayar da shi gida unguwar Diobu. An yi yayyafi, ƙasa ta jiƙe. Iska na kawo ƙarnin jini da warin ɗanyen mai.

Dokin na yayansa Manu ne, wanda aka binne a farkon daminar nan. Manu ɗan sukuwa ne. A bargar masu hali ya ƙare rayuwarsa a Kano, bai bar komai ba sai wannan baƙin doki, Bar-su-baya, da ya tsufa da tsere. Nasidi kuwa yana cikin waɗanda suka fara komowa Fatakwal bayan yaƙin basasa. Ya samu kwangilar kai nama kamfanonin mai, ya ajiye tumbi, ya ajiye gemu. Ko ta'aziyya bai je ba. Amma da ya ji akwai doki, sai ya sa aka lodo shi a motar shanu. Yanzu kowane ɗan kwangila na da Fijo. Shi so yake ya sauka a ƙofar masallacin Juma'a bisa doki, ana kallo.

Sai dai dokin tsere bai san taƙama ba, bai san a tsaya a gaisa ba. In an ja linzami, sai ya danne ƙarfen da baki ya ƙara wuta, don haka aka hore shi. Nasidi ya ba shi dusa da kanwa, ya yi ta zagaya shi da doguwar igiya, ya gaji ya koma bulala.

"Halin maigidansa ne," in ji shi. "Ba abin da ya iya sai gudun banza."

Abin da ya fi tsone masa ido shi ne wani kitso siriri a gezar dokin, dab da gaban sirdi. Ya tsefe shi ya fi a ƙirga. Gari na wayewa zai tarar an sake kitsawa. Ran nan da hantsi ya ɗauko almakashi, daidai lokacin da babbar yayarsu Haulatu, mai tuwo a unguwar Mile 2, ta shigo.

"Nasidi, ajiye abin nan. Manu ya sha faɗa mini, ba shi ya yi kitson ba, kuma ba shi kaɗai yake hawa ba. Mariƙin abokin tafiyarsa ne."

"Yaya, abokin tafiyar nan me ya tsinana masa? Ko keke bai saya masa ba." Ya kwashe da dariya. "Ni ba zan je masallaci a kan doki mai kitso kamar 'yar talla ba."

"In ka yanke, me kake so ya riƙe?"

Ya datse kitson, ya wurga shi a kwata.

To, ga shi yanzu a kan sirdi. Ya bi hanyar bayan kamfanoni, inda ba kowa. Dokin na tafiya a hankali, yadda bai taɓa yi ba. Nasidi ya shafa gemu. Ashe almakashi kawai ake jira.

Kwaɗin fadama suka yi shiru gaba ɗaya.

Sirdin ya yi ƙara, ya nutsa ta baya, kamar wani ya zauna.

Nasidi ya waiga. Ba kowa. Sai jan hasken wutar mai can a sama. Amma wani wari ya taso, ba na Fatakwal ba. Warin busasshiyar harawa da tsohon zufa. Warin rigar Manu.

Dokin ya miƙe kunnuwa. Jikinsa na ɓari.

Can wani kamfani ya busa jiniyar tashi.

Bar-su-baya ya zabura.

Hular Nasidi ta tafi. Kofato na dukan laka, faca-faca-faca. Ya ja linzami iya ƙarfinsa, dokin ya danne ya ƙara mai. Ya bar hanya ya nufi rafi, inda laka ke haɗiye bijimi har ƙaho.

Sai sanyi ya taɓa haƙarƙarin Nasidi, dama da hagu.

Hannuwa biyu ne suka ɓullo ta ƙarƙashin hammatarsa. Sirara, dogaye, ba irin tsawon hannun mutum ba. Suka wuce cikinsa, suka kai ga geza. Yatsun suka fara lalube.

Suka laluba inda kitson yake. Suka sake lalubawa.

"Ina mariƙina?"

A cikin kunnensa aka raɗa. Numfashin kamar ƙanƙara.

Bakin Nasidi ya buɗe, addu'a ta ƙi fita.

Yatsun suka bar gezar. Suka hau hannunsa. Suka hau ƙirjinsa. Suka kai wuya.

Suka damƙe gemun.

Kansa ya sunkuyo har goshinsa na dukan wuyan dokin. Aka ja shi dama, dokin ya yi dama. Da gemunsa ake tuƙi.

Ga ruwa nan baƙi ƙirin.

Wata magana ta Manu ta faɗo masa, wadda ya taɓa yi wa tsaki: dokin tsere, in kana so ya tsaya, sake masa baki.

Ya saki linzamin.

"A'uzu..." Iyakar abin da ya fito ke nan.

Dokin ya sassauta, ya turje a bakin gaɓa. Nasidi ya wuce ta kansa, ya dira cikin laka har ƙirji. Saiwar wata bishiya ya rarumo. Da ya ɗaga ido, dokin na tsaye a sama, linzamin da ya saki ya miƙe tsaf, wani na riƙe da shi. Aka juya dokin a hankali, aka tafi.

Masunta ne suka zaro shi. Da aka kai shi gida, Bar-su-baya na tsaye a turkensa, an kwance masa sirdi, an jingine a bango yadda Manu yake yi.

Nasidi ya yi jinya ya tashi. Bai sake hawa ba. Dusa kuwa da hannunsa yake kaiwa, yana sallama tun daga ƙofar barga. Gezar ta tofo, amma ba a ƙara ganin kitso a cikinta ba.

Ranar wata Juma'a Haulatu ta je duba shi, ta tarar yana naɗa rawani har bisa haɓa, a zafin Fatakwal. Ta sa hannu ta janye ƙyallen. A tsakiyar gemun akwai kitso siriri, sabo, an ja shi tsam.

Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"In ɗauko maka almakashin?"

Nasidi ya rufe gemun da tafin hannu, ya waiga bayansa.

"Yaya, rage murya."