Shaidar Da Doris Ta Sa Wa Hannu

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Noreen da mijinta Glenn suna cin abincin rana a gidan mahaifiyarsa Doris. Tsohuwar ta dire gasasshen nama da dankali a tebur, ta kalli surukarta a kaikaice.

"Har yanzu kina nan kina tonon kaburburan mutane?"

"Littafi nake rubutawa, Doris," in ji Noreen a hankali.

Shekara biyu ke nan tana bin diddigin mutuwar Patsy Lindgren, budurwa 'yar shekara sha tara, mai kai wa baƙi abinci a wani ɗan gidan abinci na garinsu, a arewacin jihar Minnesota ta Amurka. A Janairun 1984 aka tsinci gawarta a gefen hanyar tafki, sanyi ya daskarar da ita. 'Yan sanda suka ce giya ta sha ta ɓace, suka rufe maganar. Amma likitan da ya duba gawar ya rubuta cewa akwai rauni a ƙeyarta, kuma babu ɗigon giya a jininta.

A satin nan ne fayil ɗin binciken 'yan sanda ya shigo hannun Noreen. Mutum ɗaya aka yi wa tambayoyi, Vernon, yayan Doris, wanda aka gani yana jiran Patsy a motarsa. Abin da ya fid da shi takarda ce guda da Doris ta sa wa hannu, cewa tun yamma yana gidanta suna tare.

Noreen ta ajiye cokali.

"Doris, na ga takardar da kika sa wa hannu. Daren da Patsy ta mutu sha huɗu ga Janairu ne fa. Ranar da kika haifi Glenn. Ke da bakinki kike ba mu labarin kwana biyu kika yi kina naƙuda a asibiti."

Doris ba ta musa ba. Ɗanta ta juya ta kalla.

"Ka ji abin da ka auro mana? Kawunka da ya riƙe ka bayan ubanka ya mutu, ya koya maka kamun kifi, ya kai ka makaranta. Shekara uku da binne shi, yau matarka za ta maida shi mai kisan kai don ta sai da littafi."

"Mama, ki bari mana..."

"Ka zaɓa. Ko ta ƙone takardun nan, ko kada ƙafarta ta sake taka gidana."

Glenn ya ja mota suka kama hanyar gida. Da suka isa ƙofar gida ya kashe injin.

"Noreen, don darajar aurenmu ki bar maganar nan. Wanda ya mutu ya mutu."

"Yayar Patsy, Irene, ba ta mutu ba. Shekara arba'in ana ce mata ƙanwar nan taki mashayiya ce."

"Ni fa? Ni ba kowa ba ne?"

Ta fashe da kuka. "Kai ne komai nawa, Glenn. Shi ya sa na fara faɗa a gabanka kafin kowa ya ji."

Washegari ya kwashi kayansa ya koma wurin mahaifiyarsa.

Wata huɗu Noreen tana zaune ita kaɗai. Dangin mijin suka daina amsa gaisuwarta, a coci mata suna matsawa idan ta zauna. Masu buga littafin suka dame ta da waya, ta ce su jira. Ba ta ƙone takardun ba, ba ta kuma kai su ko'ina ba, domin ba ta so Glenn ya tsinci sunan uwarsa a jarida. Duk Juma'a tana rubuta masa 'yar wasiƙa, ba zargi, ba roƙo. Ko ɗaya bai amsa ba.

Wata safiya a watan Mayu ta ji an ƙwanƙwasa. Glenn ne, ya rame, idanunsa sun yi ja.

"Daga ofishin 'yan sanda nake. Ni na kai Mama."

"Me ya faru?" in ji Noreen.

"Kullum sai na tambaye ta, kullum sai ta zage ni. Jiya ta gaji ta faɗa. Kawu ya zo mata asibiti da jini a hannun rigarsa, ina kwance a gefenta ko wanka ba a yi min ba. Ya ce yarinyar ta ƙi shi, ya ture ta, ya tafi ya bar ta tana numfashi. Tana numfashi, Noreen. A cikin wannan sanyin."

Ta jawo shi ciki, ya kifa kansa a kafaɗarta yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Na wulaƙanta ki kan gaskiya. Za ki iya yafe min?"

"Tun ranar da ka fita na yafe. Zauna ka ci wani abu."

Doris ta je har gidan Irene neman gafara, Irene ta saurare ta a tsaye, sannan ta rufe ƙofarta. Noreen ba ta ga laifinta ba. Littafin ya fito bayan shekara, kuma Glenn ne ya karanta kowane shafi kafin a buga. Doris ba ta ƙara yi wa surukarta magana ba har ta rasu, amma Noreen ce ta yi jinyarta a watanninta na ƙarshe.

Rufa wa ɗan'uwa asiri a kan ran wani zalunci ne, kuma waɗanda ba su ji ba su gani ba su ke ɗaukar nauyinsa. Noreen ta riƙe gaskiya ba tare da ta tozarta kowa ba, ta yi haƙuri har mijinta ya gane da kansa, shi ya sa aurenta ya tsira.