Malam, Ɗaga Sandarka

Ranar da Mariya ta fara jin muryar Alkasum, da faɗa ta fito daga gida. La'asar ta wuce, ƙanwarta Indo ba ta dawo daga makarantar lekol ba, kuma an ce an hangi ƙeyarta a gidan kallon da ke bayan kasuwar dabbobi. Mariya ta bar wa Inna gishirin Tigidda da suke sayarwa a ƙofar gida, ta ja gyale, tana tafe tana shirya kalaman da za ta wanke mai wurin da su.

Rumfar zana ce da tele ɗaya a kan tebur, ga yara zube a tabarma baki buɗe. Fim ɗin zane ne, da Faransanci, amma an rage masa murya. A gefen tele wani siririn saurayi ne yake mayar da shi Hausa da bakinsa. Shi ne sarauniya, shi ne kura, shi ne tsoho mai tari. Wadda ta zo da faɗa sai ga ta tana danne dariya da bakin gyale.

"Ƴammata, kin tare mana iska," ya ce da muryar tsohuwa, yara suka kwashe da dariya.

"Ƙanwata na zo ɗauka. Kai ne akun da ke hana ɗiyan mutane tahiya gida?"

"Ni ne," ya ce, wannan karon da muryarsa ta gaskiya, mai sanyi. "In haka yayyensu suke, gobe ma sai in riƙe su."

Ta harare shi, ta ja hannun Indo. Sai dai harara ce irin wadda ba ta kashe kowa. Washegari ba wanda ya aike ta, amma ta tuna Indo na bukatar rakiya.

Kafin wata ya zagayo, wayarta ta portabul ta san lambarsa fiye da ta kowa.

"Gishirina, yau na yi muryar sarki, na yi ta zaki, amma duk sanda na zo faɗin sunanki sai tawa muryar ta yi rawa. Mi kika yi mini?"

"Akuna, ka bar zaƙin baki. In da gaske kake, ka san ƙofar gidanmu, kuma ka san wanda ke zaune a zaure."

Wanda ke zaune a zauren shi ne mahaifinta, Malam Yahaya, limamin masallacin unguwa, dogon dattijo mai farin gemu da ba ya rabuwa da sandarsa saboda ciwon gwiwa. Bai so sana'ar yaron ba, amma ya bincika ya ji ba ya sha, ba ya fashin jam'i, kuma shi ke riƙe da uwarsa. Ya ce ya riƙa zuwa, a gani.

Shekarar nan ce sojoji suka karɓi mulki a Yamai, amma a Agadas ba wanda ya damu da rediyo kamar yadda aka damu da sama. Damina ta zo a suna kawai. Makiyaya na shigowa gari da shanun da ake iya ƙirga haƙarƙarinsu, suna sayarwa a wulaƙance. Gishirin Inna ya daina tafiya, don dabbar da ba ta samu ciyawa ba, wa zai saya mata gishiri? A gidan Malam tumaki suka fara kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Saura wata farar akuya ta Indo, wadda take kira Fara, tana raba koko da ita a ɓoye.

A cikin wannan hali Alkasum ya samo sabon fim. A ciki akwai wani tsoho mai farin gemu da doguwar riga, wanda in ƙasa ta bushe yakan hau dutse ya ɗaga sanda, girgije ya taru, ruwa ya kece. Da Faransanci mai sihiri suke ce masa. Alkasum ya duba fuskokin yara, ya ga in ya ce boka za su tsorata, ga shi kuma tsohon mutumin kirki ne a labarin. To mutumin kirki mai gemu da ake kai wa kuka in abu ya gagara, me ake ce masa a garin nan? Ba tare da wani tunani ba ya ce, "Sai Malam ya ɗaga sandarsa."

Kalma ɗaya ce tak, kuma da kyakkyawar niyya ya faɗe ta. Ita ce ta tarwatsa masa rayuwa.

Da fari ya yi tsanani aka fita roƙon ruwa a filin idi, maza da mata da yara, riguna a juye, rana na dukan kowa. Malam Yahaya ya idar da salla, ya dogara sanda ya miƙe zai yi addu'a. Mariya ba ta ankara ba Indo ta zare hannunta daga nata, ta ratsa sahun maza da gudu, ta kama rigar ubanta.

"Baba, ɗaga sandar mana! Kai ne Malam! Ɗaga ta a yi ruwa, Fara na jin yunwa!"

Sai ƴan uwanta masu zuwa gidan kallo suka ɗauka daga ko'ina: "Malam, ɗaga sanda! Malam, ɗaga sanda!"

Wasu samari suka yi dariya, tsofaffi suka hau salati. Mariya ta ga fuskar mahaifinta, ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige. Ba fushi ta gani ba. Tsoro ta gani, tsoron mutumin da aka roƙe shi abin da Allah kaɗai ake roƙo, a gaban jama'a, kuma daga bakin ƴarsa.

Ranar Juma'a Malam ya yi huɗuba a kan finafinan sihiri na yara, ya ce duk uba na gari ya hana ɗansa zuwa. Chaibou, babban ɗalibin Malam, wanda ya daɗe yana satar kallon Mariya bai samu fuska ba, shi ya ɗauki abin a ka, yana bi gida-gida kamar an ba shi galon soja. Kafin sati ya fita, ba mai shiga rumfar Alkasum sai kaji.

Alkasum ya zo zaure ya durƙusa. Mariya na bayan ƙyaure tana jin komai.

"Allah shi gafarta Malam, wallahi ban yi da nufi ba. Gudun in tsorata su na yi."

"Na yarda ba ka yi da nufi ba," in ji Malam. "Amma ka ɗauki sunan da ake kiran mai karantar da Alƙur'ani ka liƙa ma mai tsafi. Ka sa ɗiyata ta ɗaga kai ta dube ni, ba ta dubi Ubangijinta ba. Wanda bakinsa ya yi ma ɗiyar wani haka, mi zai yi ma nasa? Tashi, Alkasum. Maganar Mariya ta ƙare."

Mariya ta yi kuka har idonta ya ƙanƙance. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ba ta iya cewa mahaifinta ya yi ƙarya, ba ta kuma iya cire yaron daga zuciyarta.

Alkasum ya sayar da tele, ya hau motar kamiyo zuwa Dirkou inda aka ce ana neman masu dako. Saƙonsa ya shigo tana tankaɗe.

"Gishirina, pardon. Na tahi don kada ganina ya riƙa ƙara ma Malam ciwo. Ban ce ki jira ni ba, don ba ni da bakin cewa haka. Amma ni ban iya son wata ba."

"Akuna, ka tahi ba ka ko tsaya na ga fuskarka ba? Allah shi kiyaye hanya. Ka riƙa shan ruwa da yawa. Ina nan."

Ba a jima ba Chaibou ya aiko da manyansa. Malam ya tambayi Mariya, ta ce a yi mata haƙuri, shi kuma bai tilasta ba. Amma labari ya riga gaskiya isa Dirkou, a bakin direbobi, kuma kafin ya isa har an sa masa rana. Saƙo ɗaya ya zo:

"Na ji. Allah shi sanya alheri. Ya fi ni dacewa da gidanku."

Ta kira, a kashe. Ta rubuta, "Ƙarya ce, wallahi ƙarya ce," ta aika har yatsanta ya gaji, ba amsa. Mariya ta rame, ta daina kitso, tuwo ma sai Inna ta tsaya a kanta. Soyayya dai ba ta da kunya, a gidan liman ma sai ta kwantar da mutum.

Ana cikin haka Fara ta mutu.

Indo ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna kusa da turken, ta ƙi tashi. Daga ranar ta daina gaishe da ubanta. In ya miƙo mata dabino sai ta kau da kai, in ya shigo ta fita. Da Mariya ta matsa mata, sai ta ce a hankali, "Shina iyawa. Ƙi ya yi. Ya bari ta mutu."

Malam ya zaunar da ita ya karanta mata aya, ya fassara, ya ce ruwa na hannun Allah. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Tonton Alkasum ya ce Malam na iyawa. Na gani da idona."

Dattijon da ya yi shekaru yana warware wa manya mas'ala ya kasa warware ta ƴar shekara shida. Mariya ta same shi a zaure da hantsi, littafi buɗe a gabansa amma ba karatu yake ba. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, ku gafarce ni in na yi rashin kunya. An rufe gidan kallo, amma fim ɗin na nan cikin kanta, ba wanda ya rufe shi. Wanda ya ɗaura, shi ta yarda ya kwance."

Ya rufe littafin. Can ya ce, "Kira shi."

"Ba ya ɗauka, Baba."

"To a aika ma kawunsa Haruna. A ce ni ke nemansa."

Alkasum ya dawo a kan lodin kamiyo, ya yi baƙi, leɓɓansa sun tsattsage. Da ya shigo tsakar gida bai yarda ya dubi inda Mariya take ba, don har lokacin a zatonsa matar wani ce. Ya zauna a ƙasa gaban Indo, Malam na gefe a kan buzu.

"Indo, rufe idonki."

Ta rufe. Ya yi tari irin na tsohon fim, ya ce da muryar nan mai kauri, "Girgije, ku taru!" Ta buɗe ido da sauri, ta waiga, ba kowa sai shi.

"Kin gani? Ni ne. Tsohon nan ba ya da murya, ba ya da rai. Wani ne ya zana shi da alƙalami, ya zana ruwan ma. Ko digo ɗaya bai taɓa jiƙa tabarmarku ba, ko ya jiƙa?"

Ta girgiza kai.

"Kuma ba Malam ne sunansa ba. Ni na raɗa masa, kuma kuskure na yi babba. Ki yafe mini."

Indo ta juya ta dubi ubanta, karo na farko tun mutuwar Fara. "To kai ba ka iya ba?"

"Ban iya ba, ɗiyata," in ji Malam. "Sandar ga don gwiwata ce. Da na iya, da na bar tumakina sun mutu? Ni ma roƙo nike, kamar ke."

"Ka roƙa ma Fara?"

"Kullum. Da sunanta."

Indo ta tsaya tana kallon hawaye na bin farin gemun nan, abin da ba ta taɓa gani ba, sai ta rarrafa ta hau cinyarsa ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar. Inna ta toshe baki ta shige ɗaki. Mariya kuwa nan ta tsaya jikin bango, ba ta ko share nata hawayen ba.

Alkasum ya miƙe zai fita. A ƙofar zaure Mariya ta tare shi.

"Haka za ka sake tahiya?"

"Matar mutane ba a tsayawa da ita."

"Matar wa? Ka kashe portabul ka bar ni ina magana da iska! Ba wanda na ce ma to, Alkasum. Ba wanda zan ce ma."

Ya juyo ya dube ta, karo na farko tun dawowarsa. Sai ga Malam na kiransa daga ciki.

Gidan kallo dai bai sake buɗewa ba. Malam bai janye huɗubarsa ba, Alkasum ma bai nema ba, ko da yake duk sanda ya bi ta bayan kasuwar dabbobi yakan sauya hanya don kada ya ga wurin. Ya kama aikin gyaran rediyo a butik ɗin kawunsa. Amma maganar da aka ce ta ƙare, Malam da kansa ya tashe ta.

An ɗaura aure sama na nan fayau, ba ko alamar hadari. Furar biki da ruwa aka dama ta, don babu nono a garin, kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Da za a kai amarya, aka shigar da su gaban Malam. Ya kama hannun Mariya ya sa a na Alkasum.

"Na ba ka ita, ba don na manta ba, sai don na ga ka iya durƙusa ma yarinya ka ce ka yi kuskure. In Allah ya ba ku ɗiya, kome za su gani, kome za su ji, ku zauna kusa da su, ku bari su tambaye ku. Ni na tsaya a kan mumbari na yi ma ɗiyan gari magana, tawa na cikin gida ban tambaye ta mi ta gani ba. Kada ku yi irin tawa. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lafiya, shi shayar da mu baki ɗaya."

Aka amsa da amin. Mariya ta kifa kanta a gwiwar mahaifinta tana kuka, mata na ta jan ta ana cewa mota na jira. Shi kuwa Malam yana ta faɗin "Tashi, tashi ki bi mijinki," amma hannunsa na kan kanta, ya kasa ɗagawa.