Reshen Kariyar da Habsatu Ta Sato

Ranar kasuwar Cadakori ce. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Habsatu tana bayan babur ɗin Rabo ɗan kabu-kabu, za ta koma Gidan Rumji bayan ta gaida ƙanwar babanta, Goggo Shatu. Ba su yi rabin hanya ba sarƙar babur ta zame. Rabo ya durƙusa yana gyara yana tsaki, ita kuwa ta ɗan taka gefen hanya don ta miƙe ƙafa.

Duk wanda ya san unguwarsu ya san gidan Habsatu mai furanni. Babu gwangwanin tumatir, babu fasasshen tulu, babu tsohuwar jarka da za ta shiga gidan ta fita ba a cika ta da ƙasa ba. Ruwan alwala ma ba ya zuba a banza. Mijinta Dalhatu ya yi tsiyar har ya gaji. "Mutane na shibka hatsi su ci, ke kina shibka abin kallo," in ji shi. "Ran da yunwa ta zo sai ki yi muna miyar hure." Amare da ƙawayensu kuwa can suke tururuwa ɗaukar hoto, abin da ke sa Habsatu ta riƙa tafiya kamar ba ta taka ƙasa.

Matan da ke wannan sha'awa suna da wata al'ada tasu. Sun ce reshen da aka roƙa ba ya kamawa. Sai dai ki faki idon mai shi ki karya, ki cusa a haɓar zani, kuma kada ki kuskura ki faɗa, don ranar da kika faɗa ranar zai bushe. Rabin furannin gidan Habsatu ta haka suka shigo.

To, a bayan wasu itatuwan geza, sai ta hango kufai. Katangu sun zube, rumbu ya kife, babu ko sawun akuya. A tsakiyar wurin ga wata kariya tsaye, irin itaciyar nan mai ƙaton gindi da ke fure da rani ba ganye a jikinta. Kariyar da kowa ya sani furenta ja-ja ne kuma ba ta da ƙanshi. Wannan fara ce tas, tsakiyar furen ja wur, tana tashin ƙanshi kamar an buɗe kwalbar humra.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Habsatu ta waiga hagu, ta waiga dama, kamar yadda ta saba yi a gidan mutane. Ba sallama, ba bismilla. Ta kama reshe ɗaya ta karya.

Ruwan da ya fito ya zubo mata a yatsa. Da ɗuminsa.

Ta ji kamar wani ya ja numfashi ta haƙora, irin na wanda ya taka ƙaya. Sai Rabo ya ƙwala mata kira, ta cusa reshen a zani ta koma da sauri.

Ta dasa shi a rabin tulu, ta ɗora wa ɗiyarta Munira aikin ba shi ruwa kullum in ta dawo daga lakol, wato makaranta. Munira shekararta tara, ita kaɗai Allah ya bar mata cikin haihuwa huɗu. Reshen kariya kan yi wata bai ce komai ba, wannan kwana uku ya yi toho. Sati biyu ya yi rassa, ya fara fure. Mata suka yi ta shigowa kallo, har wata tawagar amarya ta zo ta yi hotuna a gabansa. Habsatu baki har kunne.

Ranar da furen farko ya buɗe Munira ta yi barci a aji. Da na biyu ya buɗe ta kasa cin tuwo. Wata safiya ta tashi tana kuka, wai ƙaramin yatsanta na dama ya mutu, ko an tsikare shi da allura ba ta ji. Bayan kwana biyu na kusa da shi ya bi, sannan na tsakiya. Dalhatu ya kai ta asibiti har Maradi, aka auna jini, aka auna komai, likita ya ce bai ga ciwo ba. Aka yi rubutu aka sha. Yarinya dai sai barci, sai ramewa, itaciya kuwa sai ƙiba take.

Wata la'asar Habsatu ta sunkuya za ta goge mata zufa, sai ta tsaya cak. Wuyan yarinyar, gashinta, numfashinta, duk ƙanshin farar kariya suke.

Ta fita tsakar gida da gudu, ta cafki itaciyar za ta tumɓuke. Daga cikin ɗaki Munira ta kurma wani ihu da uwar ba ta taɓa jin irinsa ba. Da ta koma ta tarar da shatin yatsu biyar a wuyan ɗiyarta, daidai girman hannunta.

Ranar ta kira Goggo Shatu a waya tana kuka, ta faɗi abin da al'ada ta ce kada a faɗa.

Tsohuwar ta ce, "Kuhwan da ke bayan geza? Habsatu, kin kashe ni. Tun muna yara anka tashi daga wurin nan, ba a ɗauko ko tsinke ba. Mai wurin ba ta tashi ba."

"Goggo, mi zan yi? Ɗiyata na mutuwa."

"Ki maida mata abinta, da hannunki, ke ɗaya. Ki yi sallama, ki ba da haƙuri. Ki hito kahin rana ta hwaɗi. Kin ji ni? Kahin ta hwaɗi."

Washegari Munira ba ta farka ba sam, numfashi kawai ke fita sama-sama. Dalhatu yana lambu, Habsatu ta bar maƙwabciyarta Larai a kanta, ta ɗauki rabin tulun a ka. Duk ɗan kabu-kabun da ta faɗa wa inda za ta sai ya kau da kai. Da ƙyar Rabo ya yarda, bayan ta kusa durƙusa masa a tsakiyar tasha, shi ma da sharaɗin zai tsaya nesa. Kafin su isa inuwa ta yi tsawo. Ya sauke ta inda ake hango gezar, ya ce, "Hajiya, in na ji kiran magariba ba ki hito ba, wallahi tahiya zan yi."

Ta shiga cikin geza. Yashi na cin ƙafarta, tulun na ƙara nauyi a kanta kamar ana zuba masa duwatsu. Kukan tsuntsaye ya ɗauke. Sai ta fara jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a tsakiyar rani, wata biyar rabon duniya da ruwan sama.

Sannan ta ji ƙarar. Shaa. Shiru. Shaa. Wani yana ban ruwa.

Kufan yana nan yadda ta bar shi, amma an share tsakar gidan tas, ga sawun tsintsiya. A gindin kariyar wata tsohuwa ce durƙushe, ta ba ta baya, tana ɗiban ruwa da ƙoƙo daga cikin wata ƙwarya da babu komai a cikinta. Duk ɗiba kuma sai ruwa ya zuba.

"Salamu alaikum," in ji Habsatu.

Shaa.

"Inna, na zo ba da haƙuri. Na ɗauki abin da ba nawa ba. Ga shi na maido."

"Aje."

Muryar ba daga tsohuwar ta fito ba. Daga ƙasa ta fito, ƙarƙashin ƙafafun Habsatu.

Ta sauke tulun. Tsohuwar ta miƙo hannun dama ta baya, ba ta juyo ba, hannun kuma ya yi ta tahowa har ya wuce tsawon hannun mutum. Yatsu huɗu ne. Inda na biyar ya kamata ya kasance dungu ne, farin ruwa na ɗiga daga gare shi.

Hannun ya shiga laluben ƙaramar itaciyar, reshe bayan reshe, a hankali, yadda uwa ke duba kan ɗanta. Ya tsaya. Ya koma. Ya sake tsayawa.

"Bai cika ba."

"Wallahi ban taɓa shi ba, Inna."

"Ukku babu."

Habsatu ta sunkuya. A ƙasan rassan, inda ido ba ya saurin kaiwa, ga dungu uku, an karya su da farce. Ta san irin karyar, ita ma haka take yi. Ta tuna matan da suka yi ta shigowa kallo, kowace da haɓar zaninta. Ta tuna yatsun Munira uku. Sata a gidan ɓarawo rance ce, sai dai wannan karon jikin ɗiyarta aka yi ta karya tana tsaye tana dariya da baƙi.

Ta zube ƙasa.

"Ki ɗauke ni. Ni na yi satar. Yarinyar ba ta san komi ba."

"Ke kika karya. Ita ta shayar. Wanda ya shayar shi ne nashi."

"Ita ɗaya gare ni!"

Shaa.

Rana ta taɓa ƙasa. Habsatu ta ji wani abu mai sanyi yana zagaye idon sawunta. Saiwa ce, siririya, fara, ta fito daga yashi. Wata ta biyo ta.

"Na sake ta gwargwadon abin da kika maido," in ji muryar. "Sauran ina riƙe. Duk ran da suka yi hure, tawa ce."

Tsohuwar ta fara juyowa.

Habsatu ta runtse ido. Ta kama Ayatul Kursiyyu, ta ɓace mata a tsakiya, ta sake kamawa. Ƙanshin ya cika mata hanci har ta kasa numfashi. Ta ji ɗumin fuska dab da tata.

Can nesa, siriri, kiran salla ya taso daga wani ƙauye.

Saiwar ta ɗan saki.

Ta fizge ƙafa, fata ta tafi, takalmi ya zauna. Ta faɗa cikin geza a guje, ƙaya na yagar mata zani, a bayanta tana jin ana ta ban ruwa, ba gaggawa. Rabo ya riga ya tada babur ya fara tafiya lokacin da ta faɗo kan hanya tana kiran sunansa.

Da ta isa gida ta tarar da Munira zaune, tana neman fura. Yatsun nan uku dai suna nan a mace.

Tun da asuba Habsatu ta shiga gida-gida. Kowace mace ta rantse ba ta taɓa ba, don kowace na tsoron kada nata ya bushe. Sai da ta ɗauko Munira ta ɗaga hannun yarinyar a gaban Larai, sannan Larai ta fashe da kuka ta jawo gwangwani daga bayan randa. Na biyu ya fito daga gidan wata mai ɗinki. Habsatu ta kai su da tsakar rana ta aje a bakin gezar, kafin ta dawo yatsu biyu sun motsa.

Na ukun ya tafi da tawagar amarya. An ce wata ƙawa ce daga wajen Gazawa, wasu suka ce a'a, daga Agye take, an kuma ce ta yi aure ta tashi. Ba wanda ya riƙe sunanta.

Habsatu ta fasa tukwanen furanninta duka. Munira ta koma lakol, ta koyi rubutu da hagu. Amma duk rani, in kariya ta fara fure, sai yarinyar ta kwanta barci, ɗakin ya cika da ƙanshi. Shekarar farko kwana biyu ta yi. Ta biyu kwana biyar. Bara sai da ta yi sha ɗaya, har Dalhatu ya fara aika wa dangi.

Shi ya sa Habsatu ba ta zama yanzu. Tana bin motocin kasuwa gari-gari, ta yi sallama a gidan da ba ta san kowa ba ta roƙi ruwan sha, idonta na yawo a lungunan tsakar gida. Wasu na cewa ta taɓu, yara na binta da dariya, ba ta ko waiwaya. In ta shigo naki gidan ta tambaye ki ko kina da farar kariya mai ƙanshi, kada ki ji tsoron zai bushe, ki faɗa mata gaskiya don Allah. Bana kariya ta riga ta fara toho, Munira kuma tun shekaranjiya take hamma.