Taubashiyar Ango

Zaituna tana tsakar gida tana tankaɗen garin gero lokacin da Kalilu ya tsaya a kanta, ya cire hularsa yana murza ta a hannu.

"Zaituna, aurenki nake so. Na riga na gaya wa Baba a Zango."

Shekara uku tana jiran wannan magana. Sai dai Kalilu ɗan kawunta ne, taubashinta, wanda tun suna yara yake ce mata matata, ita kuma ta ce masa bawana, kowa ya yi dariya. Ga Inna da maƙwabta zaune a tabarma, sun zuba mata ido suna jiran ramuwa. Bakinta ya riga zuciyarta.

"Ni in auri bawana? To wa zai riƙa ɗebo min ruwan Kusugu?"

Gida ya kaure da shewa. Kalilu ma ya yi 'yar dariya, ya mayar da hularsa, ya hau babur ya tafi.

Abin haushi, babu wanda ya tsaya ya dubi fuskarsa. Haka mutanenmu suke, da magana ta yi nauyi sai a lulluɓe ta da barkwanci a ce zumunci ne.

Da la'asar ta sami Inna a ɗaki, ta ce ita fa tana jin da gaske yake. Inna ta ce ko da gaske ne ba ta so, ta sha ganin auren gida ya raba 'yan'uwa, a bar shi a wasa ya fi mata kwanciyar hankali.

Sau biyu Zaituna ta kira wayarsa bai ɗauka ba. Kunya ta hana ta na uku, sai ta roƙi ƙawarta Haulatu, wadda ke koyarwa a Zango, da ta je ta ce masa ya dawo su yi magana.

Haulatu ta je. Abin da ta kai masa shi ne Zaituna na ba ƙawaye labarinsa suna sheƙa dariya. Zaituna ba ta san haka ba sai bayan wata huɗu, daga bakin ƙanwarsa, ranar da aka kawo goron sa ranarsa da Haulatu.

Ranar biki, da ango ya shigo gaida iyaye mata, gwaggwanni suka jawo Zaituna gabansa. Ai ita ce taubashiya, suka ce, biki ba ya armashi sai ta tsokane shi.

Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Kalilu... ina sonka. Tun ranar nan nake neman in faɗa maka."

Ɗaki ya ɗauki guɗa. Wata gwaggo ta dafa ta tana share hawayen dariya, ta ce wallahi yarinyar nan ta iya wasa.

Kalilu bai yi dariya ba. Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, har abokinsa ya taɓa kafaɗarsa ya ce motar amarya ta iso.