Aro Ko Rance

Dab da magariba mataimakin daraktan filaye ya kawo fayil ɗin da ofishinsu ya aro daga ma'adanar tsofaffin takardun gwamnati. Aikin masinja ne, amma ya zo da kansa, domin ya zare takarda ɗaya a ciki ya sa wata. Da ita filin wani marigayin tela ya koma na surukin mataimakin daraktan. Marayun telan tuni an watsa musu kaya waje.

Mai kula da ma'adanar tana haɗa jakarta za ta tafi.

"Ranka ya daɗe, yau kai ne masinja? Ko an rage maka girma?"

"Baba, karɓi ki sallame ni."

"Na tashi aiki. Sauka ƙasa ka mayar inda aka ɗauko."

Ɗakin ƙasa yana warin laima da maganin gara. Ƙwan lantarki ɗaya ne, yana zuza. Ya tura fayil ɗin cikin gurbinsa. Fayil ɗin ya turo kansa waje, ya faɗo masa a ƙafa.

Ya sake turawa. Wannan karon daga ciki aka karɓa.

A bayan kantar wani yana buɗe shafuka. Yana lasar yatsa kafin kowanne.

Sai ya daina buɗewa.

"Ba ita ba ce." Muryar kamar ana yaga takarda a hankali.

"Iri ɗaya ce," ya ce cikin raɗa. "Har hatimin."

"Aro ka yi ko rance?"

"Aro."

"Mai rance ke kawo makamancin abu. Kai ina tawa?"

Ya riga ya ƙone ta.

"To, ranta mini hannu."

Wani abu mai sanyi ya kama wuyan hannunsa na dama.

Ƙas.

Babu jini. Babu zafi.

Da rarrafe ya hau matakala.

Likita ya duba, ya ce hannun lafiya lau, yatsu biyar. Matarsa ce ta fara ganin wata kanta a babban yatsan, irin ta wanda ya tsufa da almakashi, ta hana shi taɓa yara. Banki ya ƙi sa hannunsa. A ofis, duk takardar da ya rattaba wa hannu, sunan telan ke fitowa.

Kwanan nan, in ya yi shiru yana tunani, hannun kan ɗago da kansa ya auna masa wuya, a natse, kamar mai gwada wuyan riga.